Fatar Maraƙi a Kaskin Nazir

"Mama, me ya sa kaskina yake warin Inna?"

Da hantsi Nazir ya yi tambayar, a tsakar gida, kuma Innar da yake nufi tana zaune dab da shi a kan tabarma tana gyaran wake. Juwairiyya, uwar yaron, tana durƙushe bakin murhu da jaririyarta Hawa a baya. Kunya ta rufe ta har ta rasa inda za ta sa fuskarta. Inna Kulu uwar mijinta ce, kuma ba ta daɗe da zuwa Bande ba daga rugarsu ta wajen Yekuwa, a kan amalanke, da ƙullin kayanta da ƙwaryar man shanu.

Juwairiyya ta harari yaron, amma Nazir ba ya gane maganar ido. Ya cire abin daga kansa, ya kai hanci, ya shinshina, ya miƙo mata don ita ma ta ji.

Inna ta yi dariya har waken ya zube mata a zane.

"Maigida, yau da warina ka tashi? To ni na shafa masa mai. Mijin da ba ya kula da kayansa, ai matarsa ce za ta kula masa."

Ta ce ta ga fatar abin ta fara tsagewa kamar gugan da aka manta a rana, shi ya sa da yaron ya shiga wanka ta lakato man shanu ta murza masa sosai, ciki da waje. Haka take yi wa guga da takalmi da duk wata fata da ta shigo hannunta, kuma ba wadda ta taɓa ba ta kunya. Juwairiyya ta ce an gode, Allah Ya saka da alheri. Ta karɓi kaskin ta juya shi a hannu, yana ta ƙyalli kamar an fito da shi daga tukunyar suya.

Shi wannan kaski irin na masu aikin rediyo ne, mai rufe kunne ruf. Yana da baka da ta lanƙwaso ta saman kai, da soso mai taushi zagaye da kowane kunne kamar ƙaramin gammo. Asalinsa na Mustafa ne, ƙanen Juwairiyya, da ke aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a Magariya. Wayarsa ce ta tsinke ya daina magana, Mustafa ya kawo shi gida don yara su yi wasa, bai san abin da ya kawo ba.

Shi Nazir tun yana goye ƙara take dukansa kamar bulala. Akwai injin niƙa a bayan gidansu, da zarar an tayar da shi sai yaron ya toshe kunne ya yi ta buga kai a bango. Haka in moto, wato babur, ya wuce, haka lasifikar masu tallar magani, haka tsawar damina, har guɗar biki ba ta bar shi ba. An kai shi likita a Magariya, wato asibiti, lokotoron da ke ganin marasa lafiya ya duba ya ce kunnen lafiyarsa lau, ji ne ya yi masa yawa, abin da ke zuwa wa wani kaɗan-kaɗan shi gaba ɗaya yake zubo masa. Ranar da Mustafa ya ɗora masa kaskin, injin yana tsakiyar aiki, sai yaron ya tsaya cak. Ya dubi bangon da ƙarar ke fitowa, ya dubi uwarsa, sannan ya zauna ya ci tuwonsa har ya suɗe kwano. Juwairiyya ta shiga ɗaki ta yi kukanta a ɓoye, don ɗan fari ne, ba a nuna irin wannan a gaban mutane.

Ba kashe ƙara kaskin yake yi ba, kaifinta yake ragewa. Da shi a kai yaron yana jin kira, yana jin magana, yana bin ubansa kasuwa, yana zuwa makarantar allo. Ga shi da ƙarko: ya faɗo daga amalanke, akuya ta taka shi, ruwan sama ya taɓa dukansa, bai karye ba. Juwairiyya ta ɗinka masa jaka da ragowar atamfa, ta kafa masa ƙusarsa shi kaɗai a ɗaki, inda hannun Hawa ba zai kai ba ko ta fara tafiya.

To bana Nazir ya isa shiga lakwal, wato makarantar boko, kuma a nan maganar take. Tsoho, yayan Abdulhadi mijin Juwairiyya, shi ne babban gidansu, kuma ya riga ya faɗi nasa: yaron da ba ya jure hayaniya ba shi da abin yi a ajin da yara ke rera karatu da iyakar muryarsu. A ba Inna shi ya tafi ruga, can ba inji ba moto, ya koyi kiwo ya zama mutum. Ba da mugunta ya faɗa ba, kuma dama a danginsu kaka tana da haƙƙin ɗaukar ɗan fari. Abdulhadi ya roƙa a bari a gwada tukuna. In an buɗe lakwal yaron ya zauna a aji, shi ke nan. In ya kasa, Inna ta koma da shi. Abin da ya kawo Inna Bande ke nan a ƙarshen damina, lokacin da kowa ke shirin girbin gero. Jira take. Kowa ya san yadda take son yaron, ta ma riga ta ware masa ƴar karsana a garke.

Juwairiyya kuwa duk dogaronta, bayan Allah, a kan kaskin nan yake. Ta riga ta je ta ga madam ɗin da za ta riƙe ajin ƴan farko, ta yi mata bayani, madam ta yarda yaron ya zauna da abinsa a kai, kusa da ƙofa.

Man shanu yana raya fatar gaske. Ita kuwa ta kaskin ba fata ba ce, leda ce aka manna a kan ƙyalle aka yi mata kamannin fata. Cikin ƴan kwanaki ta yi laushi, ta fara danƙo, tana saɓulewa tana manne wa yaron baƙi-baƙi a kumatu da gashi. Juwairiyya ta goge da tsumma, ta goge da toka, man ya riga ya shige cikin soson. Wata safiya ta ɗauko kaskin daga ƙusa ta tarar kiyashi sun yi layi daga ƙasa har cikin jakar. Ta kakkaɓe iya kakkaɓewa, amma zuwa yamma yaron yana ta susa, ƙuraje sun feso masa a bayan kunne.

A nan zuciyarta ta raya mata abin da ba ta iya faɗa wa kowa ba, wato tsohuwar nan da gangan ta yi. Ta ci gaba da durƙusa mata da safe, tana kai mata ruwan alwala da fura a kan lokaci, amma ta daina barin kaskin inda Inna za ta gan shi.

Ta kira Mustafa a salula. Ya ce kada ta damu, ashe ana sayar da soson shi kaɗai, ba sai an sayi kaski sabo ba. Ya ce ta auna tsawonsa da faɗinsa da zare, don akwai mai zagaye akwai mai siffar ƙwai, ta ɗauki hoton ta tura masa. Ta yi duk yadda ya ce, har ta maimaita awon don ta tabbata. Wani direba abokinsa mai zuwa Kano ya samo, aka aiko mata a cikin ƴar leda, guda biyu, baƙaƙe wul, suna sheƙi.

Ta zaɓi ranar da Inna ta ja Nazir zuwa gidan maƙwabta kallon raguna. So take ya dawo ya tarar da abinsa sabo fil, ya yi murna. Ta kwantar da Hawa, ta zauna a inuwa, ta ja tsohon soson a hankali, sai ga shi ya fito daga wani siririn rami da ya zagaye kunnen kaskin. Ta goge wurin tas, ta fitar da matattun kiyashi da tsinke. Sabon yana da leɓe mai talewa wanda ake cusawa a ramin. Da farko in ta cusa nan sai can ya fito, har ta gane ta danne gefe ɗaya da babban yatsa, ta bi sauran da wutsiyar cokali tana zagayawa. Da ta gama ta ɗora a kanta. Kukan kaji da dakan maƙwabta suka ja baya kamar an rufe mata ƙofa. Ta jinjina wa wanda ya ƙera abin nan, da ya yi tunanin wata rana soson zai mutu ya bar hanyar canza shi. Tsofaffin kuma ta haɗa su da shara da toka ta watsa a jujin bayan gida, ta wanke hannu da sabulu.

Nazir ya dawo, ta miƙa masa tana murmushi. Ya ɗora a kai, bai ko gama saukar da hannu ba ya fizge shi ya ajiye a ƙasa.

"Ba nawa ba ne."

"Naka ne mana. Duba, ga inda akuya ta taka."

"Ba nawa ba ne. Wannan cizo yake."

Ta lallashe shi, ta ce sabo ne, zai saba. Ya ce yana da sanyi, yana matse shi, in ya juya kai yana yi masa ƙiƙi a kunne. Ya tambayi inda nasa yake, ta ce ya lalace. Suna cikin haka aka tayar da injin niƙa. Yaron ya toshe kunne da tafin hannu, ya ruga ɗaki ya shige ƙarƙashin gado, can ƙurya, yana wani irin kuka da ta daɗe ba ta ji ba. Ta kwanta a ƙasa ta miƙa masa kaskin, ya ture shi da ƙafa. Bai fito ba sai da mai injin ya gama niƙan unguwa gaba ɗaya.

Haka aka yi ta yi. Abdulhadi, da yake mutum ne mai haƙuri, ya ɗaura kaskin a jikin turmi ya kwana don ya saki, ya murza soson da hannu don ya yi laushi, ya ɗora a kansa yana rawa a tsakar gida don yaron ya yi sha'awa. Nazir ya yi dariyar rawar, kaskin kuwa ko taɓawa. Ya daina zuwa makarantar allo, ya daina fita ƙofar gida. Ƙurajen bayan kunnen suka warke, amma goshinsa ya kumbura wajen bugun bango. Ga buɗe lakwal ta matso, yaran unguwa sai nuna wa juna sababbin jakunkuna suke.

Ranar da Abdulhadi ya dawo daga kasuwar Waca, ya zauna yana cin abinci, ya ce sun yi magana da Tsoho. Ya ce wataƙila yayan nasa yana da gaskiya, bai kamata a kai yaro aji a haka ba, a wahalar da shi a gaban ƴaƴan mutane. Ya ce ruga ba bangon duniya ba ce, za su riƙa zuwa. A hankali ya faɗa, bai dube ta ba. Juwairiyya ta ɗauki kwanuka ta tafi wanke-wanke, kwanon da ta riga ta wanke ta sake wanke shi.

Duk kwanakin nan Inna ba ta sa baki ba. Tana zaune a tabarmarta tana kallo, in yaron ya shige ƙarƙashin gado ita ce ke zama bakin ƙofa tana yi masa irin sautin da take yi wa maruƙa. Da la'asar ta wannan rana ta kira surukarta, ta tambaye ta ina tsofaffin gammunan abin.

Juwairiyya ta ce ta zubar.

"A ina?"

"A juji, Inna. Sun riga sun ruɓe."

Inna ta tashi, ta ɗaure zane, ta ɗauki sandarta ta nufi bayan gida. Juwairiyya ta bi ta da goyo, tana cewa don Allah su bari, wurin da ƙazanta, ga kaji ga awaki sun tattake. Tsohuwar ba ta ko waiwayo ba. Ta fara tona da sanda, da sandar ta ƙi yi mata yadda take so ta ajiye ta, ta durƙusa ta sa hannu. Mata masu dawowa daga rijiya suka rage tafiya suna kallon uwar Abdulhadi a kan juji, wata ta tambaya ko zobe ne ya faɗi. Inna ta ce a'a, kayan maigidanta ne. Kunya ta ishi Juwairiyya, ita ma ta durƙusa ta sa nata hannun.

Sun samu ɗaya a ƙarƙashin toka, ya yi furu-furu amma yana nan ɗungum. Ɗayan sai can gefe, akuya ta cinye rabinsa.

A hanyar komawa Inna ta ce mata, a ruga in saniya ta haihu maraƙin ya mutu, ba ta yarda wani maraƙi ya kusance ta, ko da ya fi nata kyau da lafiya. Harbinsa take, nonon ma ta riƙe abinta. Sai a feɗe mataccen, a ɗaura fatarsa a bayan wani maraƙin, a kawo mata. Ta shinshina, ta lasa, ta ji nata ne, ta sakar masa nono. Bayan kwanaki a riƙa yanke fatar kaɗan-kaɗan, har ranar da za a cire sauran ba ta ma lura ba.

Juwairiyya ta ji abin ya sosa mata rai. Ta ce da ladabi, "Inna, yaron nan ba dabba ba ne."

"Wa ya ce dabba ne? A maganar nan shi ne uwar, ƴar nan. Abin kunnen shi ne maraƙin. Kin kashe masa ɗa yana gidan maƙwabta, kin kawo masa na wani kin ce ya shayar."

Juwairiyya ta so ta ce ai ba ita ta fara kashe shi ba. Ta haɗiye. Inna ta dube ta kamar ta ji abin da ba a faɗa ba, ta ce ita ma ta san nata, mai ne ta shafa inda ba a shafa mai, kuma da ta sani da ba ta yi ba.

Sai da suka ja kafin su daidaita a kan wanki. Inna ta ce kada a wanke ko kaɗan, a kakkaɓe kawai. Juwairiyya ta ce abin da ya kwana a juji ba zai taɓa kunnen ɗanta ba sai ya ga ruwa, ko da za a fasa aikin. A nan ba ta sunkuyar da kai ba. Aka tsaya a kan ruwan zafi zalla, ba sabulu ba omo, sannan a shanya a rana a kan danga.

Washegari da safe Inna ta shimfiɗa tabarmarta daidai ƙofar ɗakin, inda wanda ke ƙarƙashin gado zai iya hango hannunta. Ta ɗauko allurar da take ɗinke ƙwarya da ita, ta ga ta yi kauri, ta karɓi ta Juwairiyya. Ta bi tsohon soson da farce tana kankare ragowar baƙar ledar, har ƙyallen da ke ƙarƙashi ya fito, toka-toka, mai laushi kamar tsohuwar rigar jariri. Ashe tun kafin zuwan Inna ledar ta fara cinyewa a inda ta fi taɓa kunne, ƙyallen nan ne yaron ya saba ji a fatarsa. Ta farke shi a hankali da reza, ta zare soson ciki ta ajiye gefe. Ƙyallen mai lafiya ta ware shi gefe, ta ajiye abin da akuya ta bari kusa da shi.

Ba ta kira Nazir ba. Waƙarta take yi ƙasa-ƙasa, tana magana da allura, tana cewa idonta ya tsufa, zaren nan ya raina ta, gidan nan ba namijin da zai taimaki mace. Can sai ga kai ya leƙo daga ƙarƙashin gado.

"Wannan nawa ne."

"Naka ne. Wata ce ta zubar maka, na je na tsinto. Zo ka riƙe mini zaren nan, kada ka tsaya kallona kamar baƙo."

Ya fito da rarrafe. Ya ɗauki guntun ƙyallen ya shafa a kumatu, ya shafa a bayan kunne, ya daɗe a haka. Sannan ya riƙe zaren. Inna ta shimfiɗa ƙyallen a kan sabon soson, daidai inda zai taɓa fata, ta riƙa kama shi da ɗinki ƙanana ta gefen waje don kada ƙulli ya dame shi. Kowane ɗinki sai ta ce ya ja, ya ja. In ya ja da ƙarfi ta ce zai kashe ta da aiki, in ya ja a hankali ta ce ba a ba shi abinci ne. Juwairiyya tana daga bakin murhu, ta ga yadda yatsun nan masu kaushi, da suka sha igiya da tatsa, suke bin gefen soso ba su huda shi ko sau ɗaya ba.

Kunne ɗaya Inna ta gama ta tsaya. Ta ce ta gaji, sauran sai an jima, ta ajiye kaskin a tabarma ta shiga alwala. Ba wanda ya ce wa yaron ya gwada. Ya zauna yana kallonsa. Ya ɗauka ya manna gefen da aka ɗinke a kunnensa na hagu, ɗayan gefen yana lilo a iska. Da mai injin ya tayar da injinsa, Juwairiyya ta miƙe tsaye ba ta sani ba. Nazir ya danne kaskin a hagu, ya toshe dama da tafin hannu, ya runtse ido. Amma bai tashi daga tabarmar ba.

Da Inna ta idar da salla shi ya kai mata allurar da kansa.

Ƙyallen bai isa ya rufe na daman duka ba, sai rabi. Inna ta ce hakan ma ya fi, ya fara sanin sabon ta gefe. Zuwa yamma yana tsakar gida da kaskinsa a kai, fari-fari da ɗinki kamar ƙwaryar da ta sha gyara, yana bin kaji. Abdulhadi ya shigo da motonsa har cikin gida, abin da ya daina yi, yaron ko gezau.

Juwairiyya ta kai wa Inna fura, ta durƙusa, ba ta tashi ba. Sannan ta ce:

"Inna, da kun bar shi yadda yake, da yanzu naku ne."

Inna ta kurɓi furar, ta goge baki.

"Ina son sa, ba zan ɓoye miki ba. Ɗakina shiru, ba mai ce mini ina wari. Amma a kawo mini shi don ya kasa? Ya girma yana cewa an kai shi daji ne don bai iya zama da mutane ba? A'a. In an yi hutu ya zo da ƙafarsa." Ta ajiye ludayin. "Kuma dajin ma ana tsawa, ƴar nan. Tsoho mantawa yake."

Juwairiyya ta sunkuyar da kai. Ta so ta nemi gafarar zargin da ta yi, amma zargin da ba a furta ba wuyar neman gafara gare shi. Sai ta ce za ta ƙaro sukari. Inna ta ce ya isa haka.

Ranar buɗe lakwal su biyu suka raka shi, Hawa a baya. Filin cike da yara da iyaye, ana ta kiran suna, wani yana buga ƙarfen mota da aka rataye a bishiya a madadin ƙararrawa. Kowane bugu sai kafaɗun Nazir su ɗaga. Yara suka zagaye shi suna nuna kansa, wani ya ce ɗan rediyo, wani ya miƙa hannu zai taɓa, Inna ta ɗaga sandarta kaɗan, hannun ya koma. Madam ta fito ta kama hannunsa ta kai shi bencin bakin ƙofa.

Suka koma bayan danga inda ake hango ƙofar ajin. Madam ta buga tebur, ta faɗi kalma, yara suka amsa gaba ɗaya da ƙarfin da ya tayar da tsuntsaye daga bishiya. Nazir ya sa hannu biyu ya danne kaskin. Ya dubi ƙofa, ga ta a buɗe, taki kaɗan ne tsakaninsa da waje. Juwairiyya ta riƙe dangar har ƙaya ta shige mata hannu. Madam ta sake faɗa, yara suka sake amsawa. A karo na gaba ta ga bakinsa ya motsa tare da nasu. Hannu ɗaya ya sauko ya kwanta a kan allonsa.

Inna ta taɓa ta a kafaɗa ta ce su tafi, kada ya hango su ya tuna da gida.

Ya kai har aka tashi. Washegari ma ya kai. Da aka kwana biyu Abdulhadi ya kira Tsoho ya gaya masa, Tsoho ya ce to madalla, Allah Ya sa albarka, a turo masa Inna don aikin gona ya yi yawa. Amalanke ya zo ranar kasuwa. Kafin ta hau, Inna ta ja surukarta gefe ta ce kada ta yi gaggawar cire ƙyallen. Ta bari sai ya saba da ajin, sannan ta riƙa rage shi da reza kaɗan-kaɗan, kuma a gabansa, yana gani, in ya ce a'a ta bari sai wani lokaci. Nazir yana lakwal sa'ad da ta tafi, ita ta zaɓi haka. Ta zauna a kan buhu ta juya baya, har amalanken ya sha kwana ba ta waiwayo ba.

Juwairiyya ta bi abin da aka ce mata. Wani makon ya yarda a yanka, wani makon ya ƙi. Kafin hutun farko ya zo, saura ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa a kunnen hagu, shi kuwa ya ce a bar masa, aka bar masa.

Ke da kike da yaro irin wannan, ko kaski ne, ko bargo, ko wani kofi da ba ya shan ruwa sai da shi, ki ji da kyau. Ranar da abin ya tsufa kika samo sabo, kada ki canza a bayan idonsa, kuma kada ki yar da tsohon sai ya karɓi sabon da hannunsa. In kika yi gaggawa kika watsa a juji, ki sani akuya tana riga ki zuwa, kuma ba kowace rana take barin rabi ba.